Yusha'u Cindo, Mai Kai wa Gungun Lalle Doka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba 13 ga watan Yuli, 1988, a ƙarshen Zulƙida, jama'a na ta cinikin ragunan layya, Allah ya karɓi ran Malam Yusha'u Cindo, kansila mai wakiltar ƙauyukan bakin tabki a majalisar ƙaramar hukumarmu. Ya cika da hantsi a gidansa da ke Sabon Gungun Lalle, bayan wani zazzaɓi da ba wanda ya ɗauka na tafiya ne. Ina shagona a kasuwar Yelwa ina auna wa wata mata yadi, sai ga Bitrus, abokin zamanmu a majalisa, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. Ina ganinsa na gane. Na ajiye almakashi na jawo ƙyaure.

Ni ne Alhaji Lawali mai yadi, kansilan ayyuka. Malam Yusha'u, duk majalisar nan ba wanda ya kai ni gardama da kai, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in rubuta wannan. Masu yabonka yanzu suna da yawa, amma akasarinsu ba su taɓa zama da kai ɗaki ɗaya tun hantsi har la'asar ba, fanka ta mutu, yunwa na cin mutane, kai kuma ka kafe a kan kalma ɗaya a cikin dokar buhun albasa. Ni na zauna. Na sha fita daga ɗakin nan ina rantsuwar ba zan ƙara gaishe ka ba, washegari kuma in same ka a shagona ka miƙe ƙafa kana shan furata.

Wanda bai san aikin majalisar ƙaramar hukuma ba yana zaton wani babban abu muke yi. To, ba wani abu ba ne illa lasin keke, da dokar yawon dabbobi, da inda mahauta za su yi yanka, da wanda zai kwashe sharar kasuwa. Sakatare ya karanta, shugaba ya ɗaga kai ya ce, "Akwai mai ja?" In aka yi shiru ya ce, "An amince." Sai a aika Sakkwato a sa hannu, takarda ta dawo, ta zama doka. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 muke wannan abin, ni da kai. An rushe majalisa, soja sun zo, an naɗa ta riƙo, an sake zaɓe, amma ko yaushe aka buɗe ƙofa sai a tarar da mu biyun a kujerunmu muna hararar juna.

Abin da ba wanda zai manta da shi a ɗakin nan shi ne gyaran muryarka. Ba tari ba ne, ba kuma kaki ba. Wani gajeren sauti ne daga can ƙasan ƙirji, kamar an ja turmi a kan daɓe. Da shugaba ya ce "Akwai mai ja?" sai kowa ya kasa kunne wajen kujerar da ke jikin taga. In aka ji wannan sautin, sakatare ajiye bironsa yake yi ya jingina, don ya san yau ba tashi da wuri.

Amma don Allah a duba abin da gyaran muryar nan ya yi wa mutane. Lokacin da aka kawo dokar yawon dabbobi, an rubuta cewa duk dabbar da aka kama a kasuwa, in mai ita bai zo ba, a yi gwanjonta. Ka tashi ka ce akwai tsofaffin mata a ƙauyukanka da akuya ɗaya ce duk abin da suka mallaka, kuma kafin labari ya je musu a ƙetaren ruwa an riga an ci namanta. Ka hana a tashi sai da aka ƙara cewa dole a yi shela a kasuwa biyu a jere kafin a taɓa dabbar kowa. Abin dariya, dabbar farko da dokar ta kama tunkiyarka ce. Ka zo da kanka ka tsaya a layi, ka hana ɗan dokan ya ji kunyarka, ka ja abarka kana yi mata faɗa har bakin ruwa.

Haka nan maganar maƙabarta. Da aka zo shata filaye a sababbin ƙauyuka, an ware wa Musulmi, aka mance da Kirista da masu bin addinin kakanni, ko kuma aka yi kamar an mance. Bitrus shi kaɗai ne Kirista a majalisa a lokacin, ya yi magana, ba wanda ya tanka. Sai aka ji turmin nan ya motsa. Ka ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda ƙasar ga ta ciyar, tana da inda za ta kwantar da shi. In ba a shata musu ba, ni ma a goge namu." Ran jana'izarka na ga Bitrus tsaye can gefe a cikin yayyafi, ya ƙi shiga inuwa har aka gama.

Kuma kai kaɗai ne kansilan da bai yarda takardar da aka liƙa a allon ofis ta isa ba. Ka ce mutanenka masunta ne da manoman albasa, ba su zuwa ofis, in sun zo ma ba karatu za su yi ba. Saboda haka duk dokar da ta dawo daga Sakkwato, sai ka ɗauki Ɗangana, tsohon matuƙin kwalekwalenka, ku bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Ka tsaya a gindin itace ka faɗa da Hausa, ka maimaita da Gunganci, harshen mutanenka, sannan ka tambaya kamar yadda ake yi a majalisa, "Akwai mai ja?" In an ja, ka dawo mana da ita a zama na gaba. Wannan kowa ya sani, kowa ya yaba. Abin da mutane ke faɗa a ɓoye shi ne ƙauyen ƙarshe da kake zuwa.

Ga wanda bai san ƙasarmu ba, bari in yi bayani. Kafin a datse Kwara a Kainji, Gungun Lalle tsibiri ne a tsakiyar kogi, da gidaje da gonaki da maƙabarta. A 1968 ruwa ya taso ya shanye shi. Aka kwashe mutanen aka kai su tudu, aka ba su gidajen siminti, suka sa wa wurin Sabon Gungun Lalle, ko da yake ba ruwan da ya kewaye shi. Tsohon garin yana ƙarƙashin tabki. Abin da ya rage a gani shi ne giginyun da ke kewaye da maƙabarta. Sun mutu tuni, kawunansu sun zube, amma itacen giginya ba ya ruɓewa da wuri. Tabkin nan kuwa ba ya bin damina. Lokacin da sama ke zuba, a lokacin yake janyewa, sai kututturan su fito baƙi ƙirin, a tsaitsaye, ba kai. Da kaka ruwa ya dawo ya rufe su, su koma suna ɗan ƙasa kaɗan da inda gindin jirgi yake bi.

Can kake zuwa ka karanta doka. Da na fara ji, dariya na yi har da hawaye. Na sa maka suna Kansilan Kifaye, na ce a zaɓe mai zuwa ka kawo mana ƙuri'un ragon ruwa da na tarwaɗa mu ƙirga. Ba ka yi fushi ba. Cewa ka yi, "Lawali ɗan birni, zo ka gani da idonka, sannan ka yi dariyarka da hujja." Wata damina na bi ka, kuma wallahi don in samu abin ba da labari a shago na tafi.

Da rana tsaka muka isa. Ɗangana ya ɗaga filafilinsa tun daga nesa ya bar kwalekwalen ya sulala da kansa. Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. Can baya muna jin injin jirage da kiran masunta, amma da muka shiga tsakanin kututturan sai komai ya ɗauke. Ba iska, ba tsuntsu ko ɗaya a kansu, alhali duk kututturen da ke tabkin nan za ka ga belbela ko shaho a bisa. Ruwan ya kwanta lumui, na leƙa na ga fuskata, ban kuwa so ganinta ba. Ka miƙe tsaye ka yi sallama irin ta mai ziyarar kabari, ka yi musu addu'a. Sannan ka zaro takarda daga aljihu, ka gyara murya, ka sanar da su cewa daga watan gobe duk mai keke sai ya ɗaura lasin a ƙarƙashin sirdi. Ka maimaita da Gunganci. Ka ce, "Akwai mai ja?" Ka tsaya kana saurare, da gaske kake saurare, kanka a karkace. Ni da na zo dariya sai na tsinci kaina na riƙe numfashi. Da aka jima ka ce, "An amince," ka zauna.

A hanyar dawowa na ce, "Yaya Yusha'u, kai fa mai salla ne. Addu'a na gane. Amma mi ya haɗa matattu da lasin keke?" Ka waiwaya wajen giginyun. Sannan ka ce, "Ran da za a tashe mu, mota ta zo bakin kogi da lasifika, aka gaya wa kowa. Aka gaya wa mai gari, aka gaya wa mata, har awaki aka ƙirga aka sa a jirgi. Su kuwa ba wanda ya je ya ce musu komi. Innata tana gindin waccan doguwar. Ni na haƙa, ni na sa ta. Muka kwashe tukwane muka tafi, ba ko sallama, ruwa kawai ta ji a kanta. Ban ce suna ji ba, Lawali, wannan sanin Allah ne. Amma na yi alkawari ba za a sake yanke wata magana a ƙasar ga ba a gaya musu ba." Daga ranar ban ƙara ce maka Kansilan Kifaye a gaban mutane ba, sai in mu biyu ne.

To, ga inda muka yi ta karo. Hanyar jiragen kasuwa daga Wara zuwa Yelwa ta gefen giginyun nan take bi, kuma in ruwa ya cika ba a ganinsu. Ni ne kansilan ayyuka, ni matuƙa ke kawo wa kuka. Na kawo ƙudurin a sare su a lokacin da ruwa ya janye. Ban yi nadamar kawo shi ba, kai ma ba ka taɓa neman in yi ba. Amma duk shekara in aka zo kansa, shugaba ya ce "Akwai mai ja?", sai turmi ya motsa. Ba ka taɓa cewa kada a sare ba. Cewa kake a ɗage zuwa zama na gaba, a ƙara bincike, a nemi wata hanyar jirgi, a jira kwamiti. Kafin zama na gaba ruwa ya dawo, magana ta mutu sai baɗi. Kowa a ɗakin ya san dalili: in giginyun suka tafi, ba sauran abin da zai nuna inda Gungun Lalle ya binne mutanensa, sai ruwa iri ɗaya daga nan har Shagunu. Na sha buga tebur ina cewa rayayyu nake wa aiki. Kai kuma ka dube ni a natse ka ce mazaɓarka ta fi tawa zurfi.

Sai ga abin da ya faru a bazarar bana. Ranar kasuwa, wani jirgi ya taso da mata da buhunan albasa, iska ta ɗan ture shi daga hanya, ya hau kan ɗaya daga cikin kututturan. Gindinsa ya tsage. Ba laifin matuƙi ba ne, ba wanda zai iya ganin abin da ruwa ya rufe. Da muka isa, abin da na fara gani albasa ce, ta rufe fuskar ruwan ja wur, tana juyawa a hankali tsakanin wuraren da giginyun suke. Kai ne ka shiga gaba da masunta kuna lalube. A hannunka aka fito da Delu, 'yar garinku, mai goyon ciki, wadda mahaifinta ke kwance a ƙasan daidai inda ta nutse. Na ga lokacin da ka kwantar da ita a cikin kwalekwale ka cire rawaninka ka rufe mata fuska. Ba ka yi kuka ba. Leɓunanka ne kawai suke motsi, ka juya wajen ruwan kana kallonsa, irin kallon da ake yi wa ɗan'uwan da ya ba da kunya.

A zaman da ya biyo baya na sake kawo ƙudurin. Ban yi dogon jawabi ba, ba bukata. Sakatare ya karanta. Shugaba ya ce, "Akwai mai ja?" Bai ko ɗaga kai ba. Sai aka ji gyaran muryarka. Wallahi jinina ya tafasa, na yunƙura zan tashi, Bitrus ya danne min gwiwa. Sakatare ya ajiye biro. Muka jira. Kana zaune, hannayenka a kan sandarka, idonka a taga. Muka yi ta jira har shirun ya yi nauyi, amma ba ka ce uffan ba. Shugaba ya dube ka, ya sake dubanka, sannan a hankali ya ce, "An amince." Da aka tashi ka wuce ta gabana ka ce, "Lawali, in takarda ta dawo kada a sa zarto sai na kai musu." Na ce na ji.

Takardar ta yi jinkiri a Sakkwato kamar yadda ta saba. Ran da ta iso kana kwance. Na je dubiya, matarka Barakatu ta shigar da ni har ɗaka, ta ce tun safe kake tambaya ko ruwa ya gama janyewa. Na same ka ka rame, amma hankalinka garau. Na ce maka takarda ta zo, masu zarto sun ce bayan salla za su fara, don in aka yi sanya ruwan kaka zai riske mu, a sake shekara guda jirage na bi ta kan mutuwa. Ka ce, "To, ni ƙafa ta ƙi. Kai za ka kai."

Na ce, "Haba Yaya, ni? Ni ko Gunganci ban iya ba."

Ka ce, "Suna jin Hausa. Da ita suke sayen gishiri wurin kakanninka."

Na yi dariya don in sassauta abin, na ce, "To in na tambaya aka ja fa?"

Ba ka yi dariya ba. Ka kama hannuna, tafinka zafi zau, ka ce, "In aka ja, ka dawo ka ɗage. Haka dokar take. Ka yi mini alkawari." Ni kuwa da nake ganin maganar majinyaci ce, na ce na yi alkawari. Ban san ita ce maganarmu ta ƙarshe ba.

Bayan salla majalisa ta zauna, aka yi maka addu'a, aka rubuta cewa kujerarka ta zama ba kowa. Abu ne na minti kaɗan, tsakanin maganar kwalbati da ta sharar kasuwa. Da shugaba ya yi tambayarsa, kowa sai da ya waiwaya wajen taga, har shi kansa. Washegari ina buɗe shago na tarar da Ɗangana tsugune a bakin ƙofa da filafilinsa. Ya ce, "Alhaji, jirgi na bakin ruwa. Magana biyu ke nan an yanke ba a kai ba."

Zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru, wanda ya ga dama ya ce tsufa ya fara taɓa Lawali. Ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa, na kuma san kana kwance a tudu, don da hannuna na zuba maka ƙasa. Da rana tsaka muka isa, hadari ya haɗo can gabas amma bai taso ba. Ɗangana ya ɗaga filafili, muka sulala cikin kututturan, shirun nan ya rufe mu. Na miƙe tsaye. Na yi sallama, na yi addu'a. Na ce, "Jama'ar Gungun Lalle, ni ne Lawali na Yelwa, kansilan ayyuka. Yusha'u ɗan gidanku ne ya aiko ni. Magana ta farko, Allah ya yi masa rasuwa." Sannan na zaro takarda na karanta musu cewa majalisa ta amince a sare giginyun nan duka, har da doguwar, saboda jiragen kasuwa. Na ƙara da abin da ba ya cikin takarda, na ce saboda Delu ne, 'yarku.

Na so in zauna a nan. Ɗangana ya ɗago kai ya dube ni, na san saura abu ɗaya. Na ce, "Akwai mai ja?"

Malam Yusha'u, na ji shi. Daga wajen doguwar giginyar ya fito, ƙasa-ƙasa, daf da fuskar ruwa. Gajere, daga can cikin ƙirji. Shekara goma sha biyu ina jin sautin nan a gefen kunnena na hagu, ba zan kasa gane shi ba. Takardar ta kuɓuce ta faɗa cikin kwalekwale. Bitrus daga baya ya ce dorina ce, ko kuma ruwa ne ke shiga kogon kututture. Mai yiwuwa. Amma na dubi Ɗangana a lokacin, na ga ya sunkuyar da kai ya ajiye filafilinsa a hankali, daidai yadda sakatare ke ajiye biro.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba, kuma ba tsoron abin da ke cikin ruwa ba ne. Tsoron kalmar da za ta biyo baya nake. Na yi maka alkawari. In na ji "a ɗage", to dole in koma in ɗage, in sallami masu zarto, ruwa ya dawo ya rufe, in zauna a shago ina jiran ranar da za a sake kirana in ga albasa a kan ruwa. Na ce a zuciyata, Yaya, don girman Allah kada ka yi mini haka. Na karkata kai ina saurare kamar yadda na ga kana yi. Ba iska, ba motsi, kututturan na tsaye kewaye da mu. Na jira har ƙafafuna suka gaji, na ƙara jira don kada a ce na yi gaggawa.

Ba abin da ya biyo baya. Ka gyara murya, amma ba ka ja ba, kamar dai ranar nan a majalisa. A nan ne kukan da ban yi ba ran jana'izarka ya zo mini. Da ƙyar na iya cewa, "An amince." Ɗangana ya shafa fatiha ya ɗauki filafilinsa. Muna fita daga cikin giginyun iska ta taso, na kuma jin injin wani jirgi can nesa.

Masu zarto sun gama aikinsu kafin ruwa ya juyo. Na roƙe su guntun doguwar, muka ɗauko shi ni da Ɗangana, muka kafa shi a wajen kan kabarinka. Itacen da ya yi shekara ashirin yana nuna inda Innarka take, yanzu kai yake nunawa. Jirage na wucewa lafiya. In ka tsaya a bakin tabki ka duba, ruwa ne kawai shimfiɗe, ba za ka ce an taɓa yin gari a wurin ba, kuma duk lokacin da na duba sai ƙirjina ya yi nauyi, ko da yake ni na nema. Ɗangana ya ce shi ba ya bukatar itace kafin ya gane wurin. Dokar mahauta tana hanya daga Sakkwato, ya riga ya gaya mini in shirya.

Ya Allah, ga bawanka Yusha'u ɗan Cindo ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ya tsaya wa tsohuwa mai akuya ɗaya, ya tsaya wa wanda ba addininsu ɗaya ba, ya riƙe alkawarin mahaifiyarsa har inda ƙarfinsa ya kai, da ran mutane ya zo kuma ya danne son zuciyarsa ya yi shiru. Ya Allah ka sa wannan shirun a ma'auninsa. Ka haɗa shi da Innarsa a Aljanna, inda ba ruwan da zai raba su. Ka jiƙan Delu da abin da ke cikinta, da sauran waɗanda suka tafi tare da ita, da dukkan musulmin da ke kwance a tudu da ƙarƙashin tabki. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa Barakatu, wadda ta yi haƙuri da mijin da rabin rayuwarsa a kwalekwale ya yi ta, da 'ya'yansa Zuliha da Basiru da ƙannensu, da Ɗangana abokin tafiyarsa, da abokan zamansa na majalisa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari. Ina kuma yi wa jama'ar Gungun Lalle ta'aziyya baki ɗaya, na tudu da na ƙasa. Na tudun na bi su gida-gida na yi musu da bakina. Na ƙasan ma na je na faɗa, amma ina jin sun riga ni sani.